Yadda ake shirya tafiyar sanin juna ga sababbin ɗaliban kasuwanci a Sakkwato kafin a fara darasi

Ajin nazarin kasuwanci, musamman na digiri na biyu da ake kira MBA, ba kamar sauran azuzuwa yake ba. A benci ɗaya za ka tarar da manajan banki, da darakta daga sakatariyar jiha, da Hajiya mai shagon atamfa a babbar kasuwa, da yaron da bai daɗe da tuɓe kakin bautar ƙasa ba. Mako biyu da fara darasi kowa ya kama matsayinsa: manya a gaba, yara a baya, 'yan banki sun haɗe kansu, kuma haka za a tafi har a gama. Alhali karatun cike yake da aikin rukuni. Amfanin tafiyar da tsofaffin ɗalibai ke shirya wa sababbi ke nan, a san juna tun kafin kowa ya naɗa rawanin muƙaminsa. Ganin wurare ƙari ne kawai.

Makarantun kasuwanci na Amurka sun daɗe da wannan al'ada. Kellogg ta Jami'ar Northwestern tana da KWEST, Booth ta Jami'ar Shikago tana da Random Walk, kuma 'yan shekara ta biyu ne ke jan sababbi zuwa wata ƙasa na kamar mako guda. Mu nan ba jirgi za mu hau ba, wuni ɗaya ne a mota. Amma akwai doka ɗaya ta KWEST da ta cancanci aro: ba a faɗin aikin da mutum ke yi ko makarantar da ya fito sai ƙarshen tafiya. Za mu dawo kanta.

Masu riƙe tafiyar, da ranar da za a sa

Ga sababbi 30, tsofaffi biyar sun isa, wato jagora ɗaya ga mutum shida. Ɗaya shugaba, ɗaya ma'aji, ɗaya ya riƙe mota da hanya, ɗaya ruwa da abinci, ɗaya takardu da akwatin magani. Aƙalla ɗaya daga cikin biyar ɗin ta zama mace, domin akwai abin da ɗaliba ba za ta faɗa wa jagora namiji ba, kuma iyaye da mazaje sun fi sakin jiki idan mace ce ta kira su. Shugaba kada ya riƙe kuɗi, ma'aji kuma kada ya yi ciniki shi kaɗai.

Ranar da ta fi ita ce Asabar ɗin da ke tsakanin ƙarshen rajista da fara darasi. Juma'a ta fita saboda masallaci, Lahadi da safe kuma Kiristocin aji suna coci. Kada a ba kowa kafin alƙalami sai makaranta ta fitar da jadawali a rubuce. Wanda ya ga yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, ya san ranar komawa makaranta ba a rantsuwa a kanta. Idan ranar ta faɗo tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, a taƙaita tafiyar cikin gari a gama kafin azahar. Da azumi ba a yi. Hunturu ne lokacin da ya fi daɗi, sai dai hazon safiya kan rage ganin direba, don haka a bar gari ya waye sosai.

Takardar neman izini ta tafi ga shugaban sashe da ofishin kula da harkokin ɗalibai mako uku kafin ranar. A rubuta inda za a je, hanyar da za a bi, lokacin tashi da na dawowa, sunayen jagorori, sannan a ce jerin matafiya da lambar mota za su biyo baya. Wanda bai gama rajista ba kada ya shiga jerin, ko da takardar shiga tana hannunsa, domin idan wani abu ya faru a hanya tambayar farko ita ce ko ɗalibin makarantar ne.

Ina za a je

Mutane kan ɗauka sai an yi nisa tafiya ke yin armashi. A cikin sababbin akwai waɗanda suka zo daga Kebbi, Zamfara, Neja, Kwara ko Kudu, ba su taɓa taka Hubbaren Shehu ba, kuma cikin 'yan gari ma da yawa ba su taɓa shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu ba. Wuni ɗaya a cikin birni ya isa tafiya cikakkiya, kuma shi ya fi arha da kwanciyar hankali.

Tsarin da ya fi dacewa da ɗalibin kasuwanci shi ne bin sawun fata. A fara da Kara, kasuwar dabbobi, da sassafe a ga yadda dillali ke shiga tsakanin mai akuya da mai saye, da yadda ake cire la'ada. Daga nan a wuce wurin majema a ga yadda ake jiƙa fata, a kankare gashi, a jeme ta da bagaruwa. A ƙare a Madunka inda dukawa ke ɗinka ta jaka da takalmi da filo. Fatar jar akuyar Sakkwato ce ayari ke ketare Sahara da ita tun da can, ta fita Turai ta tashoshin Maroko, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Wanda ya ga hannu huɗu ko biyar da fata ɗaya ke bi, ya kuma ji sunan wa ta ɗauka a kasuwar duniya, ya samu abin da zai yi ta juyawa a aji tsawon zango. Mai son kayan gwari ya ƙara da Ramin Kura ya ga cinikin albasa. Hubbare kuma a sa shi da hantsi: a tuɓe takalmi, mata su zo da mayafi babba, jagora ya riga zuwa ya tambayi masu kula da wurin iyakar inda baƙon da ba Musulmi ba zai tsaya, don kada a kunyata kowa a bakin ƙofa.

Masana'antar siminti ta Kalambaina, wadda ta fara aiki a 1967 kuma yanzu take hannun BUA, tana nan kusa a Wamakko. Masana'anta irin wannan ba a yi mata zuwan ba-zata. Ana rubuta takarda da hatimin sashe wata guda kafin lokaci, a bi ta da ƙafa, a tambayi adadin mutanen da za su karɓa da irin takalmin da za a sa. Silifa da babbar riga mai jan ƙasa ba su shiga inda injina ke aiki. Kuma Asabar ba lallai a samu mai zagayawa da ku ba, don haka idan wannan ne zaɓin, ranar aiki za a nema.

Idan sai an fita gari, Argungu ce. Kimanin kilomita 100 ne, awa biyu da tsaye-tsayen hanya. Akwai gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831 aka mai da ita gidan tarihi a 1958, akwai bakin Matan Fada inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ga kuma shinkafa ko'ina, daga fadama har kamfanin casa na WACOT da aka buɗe a 2017. A bakin ruwa doka ɗaya ce: ba mai hawa kwalekwale ba rigar ruwa, komai roƙon masu son hoto.

Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, da dam ɗin Goronyo, da Gudu inda Shehu ya yi hijira a 1804, duk suna jan hankali. A bar su sai ƙura ta lafa. Gabashin jihar wajen Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo ya sha fama da 'yan bindiga, haka yankin Tangaza da Gudu. Bas cike da ɗalibai ba abin gwada sa'a ba ne. Ko hanyar da ake ganin lafiya lau ce, a tambayi 'yan ƙungiyar direbobi a tashar da ke lodin garin, da wani mazaunin can, sau biyu: daren jajibiri da asubahin ranar. Idan ɗaya ya yi ɗari-ɗari, a juya zuwa tsarin cikin gari, wanda dama ya kamata ya kasance a aljihu. Hoto da sunan wuri kuma kada su hau Facebook ko WhatsApp sai an dawo.

Mota

A nan yawancin tafiye-tafiye ke lalacewa. Hiace mutum 18 take ɗauka, Coaster kimanin 30. Ga mutum 35 da kuloli da jakunkunan ruwa, ko dai Coaster ɗaya da ƙaramar mota mai bin baya, ko Hiace biyu da ƙaramar motar. Coaster ta fi haɗa kan mutane, Hiace biyu sun fi sauƙin samu kuma idan ɗaya ta lalace ɗayar za ta yi sawu biyu. Ƙaramar motar ta jagorori ce da kaya da maras lafiya. A fara tambayar ko sashen sufuri na makaranta na ba da bas haya. Idan babu, a ɗauki shata daga tasha ta hannun shugabannin ƙungiya, saboda a samu wanda za a kai wa ƙara.

Mai kula da mota ya je da bakanike kwana biyu kafin ranar. A duba dukkan tayoyi da safaya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai cinye ba, ita ce ke fashewa a kwalta mai zafi da tsakar rana. A duba birki, jak, ruwan lagireto, fanbel, gilasan da ke buɗewa, lasisin direba da takardun mota, domin takarda ɗaya da ta ƙare za ta iya zaunar da ku awa guda a shingen jami'an kiyaye haɗurra. A rubuta lambar motar. Abin da kan faru shi ne a nuna muku mai kyau ranar Alhamis, ranar Asabar a turo wata da cewa waccan ta yi Kano.

Yarjejeniya a rubuce, ko da a takardar littafi ce: kuɗin shata, wa zai sayi mai, ƙarfe nawa mota za ta iso, ƙarfe nawa za a dawo, ba ɗaukar fasinja ko kaya a hanya, ba gudun da ya wuce kilomita 90. Rabin kuɗin kafin tafiya, rabi bayan an sauke kowa. Idan man a kanku yake, kada a miƙa wa direba kuɗin a hannu. A bi shi gidan mai da yammacin Juma'a a cika tanki a gabanku. In ba haka ba ƙarfe bakwai na safe za ta same ku a layin mai. Abincin direba da ɗan kamasho shi ma a sa a lissafi.

Za a samu manyan aji biyu ko uku da za su ce su za su biyo baya a motarsu mai sanyi. A ba su haƙuri cikin ladabi. Da zarar an yarda wa ɗaya, bas ta zama ta marasa mota, kuma rabon da ake gudu ya auku tun a bakin get.

Kuɗi

A tara komai: shata, mai, ruwa, ƙanƙara, abinci, kuɗin shiga, tukuicin masu zagayawa da ku, magani. A ɗora kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Sannan kada a raba da adadin waɗanda suka rubuta suna, a ɗauka ɗaya cikin biyar zai zame. Misali kawai: idan jimilla ta kama naira 450,000, da ko-ta-kwana ta zama 495,000. Mutum 30 suka yi rajista, a raba da 24, ya ba da 20,625, a ce kowa 21,000. Idan duk sun zo, rarar ta koma musu ko ta shiga asusun aji, yadda aka amince tun farko.

Asusu ɗaya za a yi amfani da shi, wanda ba kuɗin kowa a ciki, kuma duk wanda ya biya ya tura shaida ga ma'aji kai tsaye. A rufe karɓa kwana biyar kafin tafiya. A faɗi dokar mai da kuɗi tun ranar farko: wanda ya fasa kafin a rufe a ba shi duka, wanda ya fasa bayan an biya mota a ba shi na abinci kawai. "Zan ba ka a mota" ba biya ba ne.

Lokacin rajista ne, aljihun wasu ya riga ya huje. Ma'aji ya yi wa masu hali biyu ko uku magana a keɓe su biya kujera ɗaya-ɗaya ta ƙari, a ba waɗanda suka gaza ba tare da an ambaci suna ba. Ranar tafiya kuma ma'aji ya riƙe tsabar kuɗi ƙanana, ɗari biyar-biyar da dubu-dubu, domin mai gadin ƙofa da mai nuna muku majema ba su jiran sabis ɗin POS ya dawo.

Ruwa, abinci, magani

Lita huɗu ga kowane mutum. Jakar fiya wata leda 20 ce, kowace rabin lita, wato lita 10. Mutum 35 jaka 14 ke nan, da bazara a ƙara huɗu. Na alwala daban: jarka biyu masu lita 25 da buta shida. Ƙanƙara a saye ta da asuba, kula ɗaya a buɗe ta da safe, ɗaya a bar ta a rufe sai azahar.

Shinkafar da aka dafa da asuba aka toshe a kula, zuwa ƙarfe biyu a zafin nan ta fara yami, kuma alala da salak mai kirim sun fi ta saurin juyawa. Gara a riƙe busasshen guzuri na hanya, biredi, kilishi, dabino, gyaɗa, lemu, sannan a yi odar abincin rana mai zafi a can inda za a je, a wurin mai abinci ɗaya da wani ɗan gari ya tsaya mata, a kira ta da adadi ranar Juma'a. Fura da nono ana so, amma daga hannu ɗaya da aka sani, a sha kafin rana ta take.

Fom ɗin rajista ya tambayi lambar ɗan uwa na kusa da ciwon da mutum ke da shi: asma, ciwon suga, olsa, sikila, juna biyu. Mai sikila ƙishirwa da zafi na iya tayar masa da ciwo, a zaunar da shi kusa da kular ruwa a ɓangaren inuwa. Amsoshin nan mai akwatin magani kaɗai zai gani. A akwatin a sa farasitamol, filasta, bandeji, auduga, audugar mata, da ƙunshin ORS goma, wato garin ruwan gishiri da suga. Idan ya ƙare ana haɗawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya daina gumi, jikinsa ya yi zafi rau, maganarsa ta fara rikicewa, ba na ORS ba ne. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi asibiti da shi a ƙaramar motar.

Ranar kanta

Haɗuwa ƙarfe 6:30, tashi 7:00. A faɗa tun farko cewa mota ba ta jiran kowa bayan 7:15, kuma a cika, domin minti arba'in da aka ɓata da safe daga hasken yamma za a cire shi. Idan Argungu ce, a baro can ƙarfe 3:00, magariba ta samu kowa a gida. Duk hawa mota a kira suna daga jeri, kada a ƙirga kai. Ƙirga kan cika da ɗan kamasho alhali wata tana banɗaki. Kwafin jerin ɗaya ya zauna a hannun wani malami a Sakkwato, a kira shi in an isa, a kira shi in an taso.

Wurin zama ƙuri'a ce. Mata a layukan gaba, maza a baya, amma a cikin kowane ɓangare a ɗauki lamba daga hula, kuma a sake ɗauka bayan kowace tsayawa. Idan aka bar mutane, kowa ɗan garinsu zai nema. Mai goyo a ba ta bakin taga kusa da ƙofa.

Dokar ɓoye aiki sai an yi mata gyara irin namu. Girman shekaru yana nan, Malam da Hajiya da Yaya ba su faɗi ba. Abin da aka ajiye shi ne darakta, manaja, yallaɓai, ranka ya daɗe, da tambayar "ina kake aiki". Sakkwato gari ne da kowa ya san wani, don haka bakin wani zai suɓuce. A sa tarar naira 200 a asusun ƙanƙara, abin ya zama raha. Bayan azahar da abinci, a shimfiɗa tabarmi a inuwa, kowa ya faɗi aikin da yake zaton abokin zamansa na yi, sannan mai shi ya faɗi gaskiya. A ware wa wannan awa guda cur, kada a matse shi don a ƙara ganin wani wuri.

A kasuwa kada mutum 35 su dira kan rumfa ɗaya. A rabu shida-shida, kowane rukuni da jagoransa da tambaya uku da zai dawo da amsarsu. Jagora ya riga ya gaida sarkin kasuwa ko shugaban 'yan layin tun ana saura kwana biyu. A yi sallama, a gaisa sosai, a tambayi kasuwa, kafin a fito da biro. "Nawa kake samun riba" tambaya ce mai rufe baki. "Baba, wanga kaya daga ina ake kawo shi, kuma wane wata ya fi tsada?" ita ce ke buɗe hira, daga nan zancen bashi da la'ada da kuɗin mota zai fito da kansa. Hoto sai da izini, kuma kowane rukuni ya sayi wani abu, ko da ɗan walat ne.

Cikin kwana biyu da dawowa ma'aji ya fitar da lissafi layi-layi tare da hoton rasiɗai. A aika takardar godiya ga duk wanda ya buɗe muku ƙofa, domin 'yan baya za su koma wurinsa. Rukunonin shida-shidan nan a miƙa jerinsu ga wakilin aji su zama rukunin karatu na zangon farko. Sannan a sayi littafi mai bango mai kauri a rubuta lambar direba da ta mai abinci, farashin kowane abu da kwanan wata, ainihin lokacin da aka tashi da wanda aka iso, jaka nawa ta ruwa ta rage, da wurin da aka tsaya aka samu banɗaki mai tsabta. A damƙa shi ga biyu daga cikin sababbin, mace da namiji, waɗanda aka ga sun fi saurin tashi ɗaukar kula ba tare da an ce su ɗauka ba.